Ƙasusuwan Gobero da Shaidar da Suka Bayar

A watan Oktoba na shekarar 2000, wata tawagar masana daga Amurka tana ratsa Tenere, gabas da Agadas, tana neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a doron ƙasa tun miliyoyin shekaru, waɗanda ake kira dainoso. Jagoran tafiyar shi ne Paul Sereno na Jami'ar Shikago, wanda ya sha tono irin waɗannan ƙasusuwa a yankin Gadufawa. Rannan suka tsaya a wani fili da Abzinawa ke kira Gobero. Mai ɗaukar musu hoto, Mike Hettwer, ya ware shi kaɗai ya nufi wasu tuddan yashi guda uku da ya hango. Da isarsa ya ga ƙasusuwa birjik, amma ba na dainoso ba. Na 'yan Adam ne. Iska ta yaye yashi ta bar ƙoƙunan kai a fili, ga haƙarƙari, ga yatsu, ga haƙora a jere cikin muƙamuƙi. A tsakaninsu akwai tsingaron tukwane, da duwatsun ado, da tsinin kibau na dutse.

Abin da ya ƙara ɗaure wa tawagar kai shi ne ƙasusuwan dabbobin da ke warwatse a wurin. Akwai na dorina, da na kada, da na kififiya, da ƙayar manyan kifaye. Ko'ina mutum ya waiwaya babu ɗigon ruwa, babu itace, babu ciyawa. To me ya kawo dorina tsakiyar Tenere? Kuma su wane ne waɗannan mutane?

Sereno masanin dabbobin dā ne, ƙashin mutum ba fanninsa ba ne. Ya koma ya leƙa wurin a 2003, ya tabbatar cewa maƙabarta ce babba, kuma iskar da ta tone ta ita ce za ta cinye ta, domin ƙashin da ya fito sarari ba ya daɗewa yake rududdugewa. Sai ya shiga neman waɗanda suka san aikin. Ya samu Elena Garcea ta Jami'ar Cassino a Italiya, wadda ta ƙware a tarihin mutanen Sahara na dā. Ya samu Chris Stojanowski na jami'ar jihar Arizona, wanda sana'arsa ita ce karanta ƙashin ɗan Adam. Daga gida Nijar akwai Abdoulaye Maga da Oumarou Ide na cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. A 2005 da 2006 suka yi tono, suka ƙidaya kaburbura wajen 200. Babu wata maƙabartar zamanin dutse da aka sani a Sahara da ta kai ta girma.

Yadda ake karanta ƙashi abu ne da ya kamata mai karatu ya sani, domin a kansa labarin ya ginu. In ana son sanin namiji ne ko mace, ƙashin ƙugu ake fara dubawa. Na mace ya fi faɗi da buɗewa saboda haihuwa. Ƙoƙon kai ma yana taimakawa, don na namiji yakan fi kaurin gira da muƙamuƙi. In ana son shekarun yaro, haƙora ake tambaya, domin kowane haƙori da lokacin fitowarsa, turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara shida. Matashi kuwa ana gane shi da bakin dogayen ƙasusuwansa, waɗanda ba sa gama haɗewa da gangar ƙashin sai ya doshi shekara ashirin. Tsawon mutum ana lissafa shi daga ƙashin cinya. Aikin da ya yi a rayuwa ma yana barin alama, domin inda tsoka mai ƙarfi ta kama ƙashi tana jansa shekara da shekaru, wurin yakan yi tudu. Karayar da ta warke tana barin kumburi mai santsi. Wadda aka yi a lokacin mutuwa bakinta yana da kaifi, babu alamar warkewa. Wadda ta faru bayan ƙashi ya bushe a ƙasa kuma launinta da tsagarta daban suke. Harsashi in ya shiga ƙoƙon kai yakan bar ƙaramin rami daga waje, mai faɗi daga ciki, har a iya cewa daga wane ɓangare aka yi harbin.

Da Stojanowski ya duƙa a kan ƙasusuwan Gobero, sai ya ga ba iri ɗaya ba ne. Wasu baƙaƙe ne, masu nauyi da kauri. Wasu farare-farare ne, sirara. Masu baƙin ƙashin an rufe su a dunƙule ƙwarai, gwiwa a ƙirji, diddige a ɗuwawu, irin matsewar da ba ta yiwuwa sai an ɗaure gawa ko an naɗe ta tamau da wani abin da ya riga ya ruɓe. Dogaye ne, wasu mazansu sun doshi mita 2, kuma ƙashin cinyarsu ya nuna mutane ne ƙarfafa da suka ci suka ƙoshi. Masu farin ƙashin gajeru ne a kansu, an kwantar da su a gefe, ƙafafu a ɗan lanƙwashe, da yawansu da kayan ado.

Aka kai samfur ɗakin gwaji aka auna sinadarin kabon-14. Duk mai rai yana ɗibar wannan sinadari ta hanyar abinci, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya a duk shekara 5,730. Daga abin da ya rage ake lissafa daɗewar mutuwa. Sakamakon ya raba gardama. Masu baƙin ƙashi, waɗanda masana ke kira mutanen Kiffi, sun zauna a Gobero daga shekaru wajen 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce. Daga nan fari ya sauka, wurin ya zama kufai na kusan shekara 1,000. Da ruwa ya dawo sai ga masu farin ƙashi, mutanen Tenere, daga shekaru wajen 7,200 zuwa 4,500 da suka wuce. Al'umma biyu ke nan da ba su taɓa ganin juna ba, suka zaɓi tuddai ɗaya don rufe matattunsu. Baƙin ƙashin na farkon ma an gano dalilinsa: akwai lokacin da ruwa ya cika ya shanye tuddan, kaburburan suka daɗe a ƙarƙashinsa, ƙasusuwan suka rine.

Ashe Gobero bakin tafki ne. Mutanen Kiffi masunta ne kuma mafarauta. An samu masun kamun kifi da suka sassaƙa da ƙashi, masu ƙayoyi a gefe, aka samu ƙasusuwan giwan ruwa da tsawonsa ya doshi mita 2. A daji kuma akwai giwa da raƙumin dawa da mugun dawa. Mutanen Tenere sun tarar da tafkin ya ragu, don haka a jujinsu an fi samun tarwaɗa da karfasa da ɓawon kifin kwari, tare da 'yan ƙasusuwan shanu kaɗan. Mutumin Diffa ko Bosso ko Ngigmi ba baƙo ba ne ga waɗannan kifaye, su ne dai ake bandarsu a bakin Tafkin Cadi har gobe. A wancan zamani Tafkin Cadi ɗin kansa teku ne, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Kwalekwalen nan da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana a jihar Yobe, mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa wajen 8,000 ne. Wato masassaƙinsa da mutanen Kiffi kusan tsara ne.

A cikin kaburburan mutanen Tenere akwai na wata yarinya 'yar shekara goma zuwa sha ɗaya, da awarwaro a dantsenta wanda aka sassaƙa da hauren dorina. Akwai wani namiji da aka ɗora a kan ƙoƙon bayan kififiya. Akwai wani da aka sa kansa cikin tukunya. Amma kabarin da ya zagaya duniya shi ne wanda aka tone a 2006.

Da farko ƙoƙon kai ɗaya ne ya leƙo daga yashi. Aka bi shi a hankali da burushi, sai ga na biyu ƙarami, sai ga na uku. Da aka gama sharewa, duk wanda ke wurin ya yi tsit. Mace ce kwance a gefenta, tana fuskantar yara biyu, su ma suna fuskantarta. Hannuwanta a miƙe suke zuwa gare su, nasu a miƙe zuwa gare ta, yatsunsu a sarƙe. Ƙashin ƙugu ya tabbatar mace ce baliga. Haƙoran yaran sun nuna ɗaya ɗan shekara 5 ne, ɗaya ɗan shekara 8. Kabon-14 ya ce an rufe su shekaru wajen 5,300 da suka wuce.

Yadda ƙasusuwan suka kwanta ya nuna lokaci guda aka rufe su. Da an sake buɗe ramin daga baya don a ƙara gawa, da an ga gaɓoɓin wanda aka fara sakawa sun goce daga mazauninsu. Nan kuwa kowace gaɓa tana inda Allah ya halicce ta. Kuma ba jefa su aka yi ba, wani ne ya zauna ya jera su, ya haɗa hannuwansu. Aka ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashinsu aka aika wa Anna Maria Mercuri, masaniyar tsirrai a Italiya. Da ta duba a madubin ƙara girma sai ta ga ƙurar fure a dunƙule, mai yawan da ya wuce wanda iska ke kawowa. Alamar ita ce a kan shimfiɗar furanni aka kwantar da su.

Saura babbar tambaya: me ya kashe mutum uku a lokaci ɗaya? An samu tsinin kibiya guda huɗu a cikin kabarin, kuma duk wanda ya ga haka zai ce ai magana ta ƙare, harbe su aka yi. Masu binciken ba su yi wannan gaggawar ba. Sun bi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Babu tsinin da ya kafe a ƙashi, babu kafta, babu sara, babu fashewar kai. Saboda haka suka ɗauki kibau ɗin a matsayin kayan da aka rufe mamatan da su. Sereno ya yi hasashen ko nutsewa suka yi a tafkin, amma hasashe ya kira shi, domin nutsewa ba ta barin tabo a ƙashi, haka guba, haka zazzaɓi mai kisa cikin kwana biyu. Ko cewa matar ita ce uwar yaran, kwanciyar ce ta sa zuciya ke raya haka. A nan ne aka gane ƙwararre: ya faɗi abin da ƙashi ya nuna, ya tsaya inda ƙashi ya tsaya.

Sereno bai yarda a tsinci ƙasusuwan ɗaya-ɗaya a zuba a akwati ba. Ya yi musu dabarar da yake yi wa dainoso. Aka zuba wa yashin maganin da ke daskarar da shi, aka haƙa kewaye, aka naɗe da filasta irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, aka ɗago kabarin sukutum aka tafi da shi ɗakin bincike. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007 ya tsayar da tonon na wani lokaci, amma a watan Agusta na 2008 aka buga sakamakon a mujallar kimiyya ta PLoS ONE, mujallar National Geographic kuma ta yaɗa hotunan.

Duk da wannan ilimi, abu ɗaya ya gagara har abada, wato suna. Matar Gobero ba ta da ɗan'uwa a raye da za a gwada jininsa da nata, ba ta da maƙwabcin da zai ce ya san awarwaron hauren dorinar da ke dantsen yarinyar nan. Wannan ne ya bambanta ta da matattun zamaninmu, kuma wannan ne ya sa labarin ya shafi kwarin Komadugu kai tsaye.

A ranar 24 ga Nuwamba 2014 Boko Haram ta kama Damasak, garin da ke bakin Komadugu Yobe ta ɓangaren Najeriya. Jama'a suka tsallako kogi zuwa jihar Diffa. A Disamban wannan shekara aka buɗe sansanin Sayam Forage, a ƙaramar hukumar Shetimari, kuma mutanen Damasak suna cikin waɗanda aka fara saukewa a can. A watan Maris 2015 sojojin Nijar da Cadi suka ƙwato garin. A ƙarƙashin gadar da ke bakin gari suka tarar da gawawwaki, 'yan jarida suka ƙidaya aƙalla 70, wasu an yi musu yankan rago, zafi da bushewar iska sun ƙandarar da su. A watan Afrilu aka ƙara gano wasu masu yawa a cikin gari da busasshen kogi, aka haɗa su a manyan kaburbura. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an sace yara 'yan makarantar firamare wajen 300 daga garin. A 2019 kwamitin Red Cross na duniya ya ce sunayen mutanen da suka ɓace kusan 22,000 ke rubuce a hannunsa a Najeriya, adadin da a lokacin ya fi na kowace ƙasa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da uwa, ko mata, ko ɗa. Wanda bai ga gawa ba, bai ji shaida ba, ba ya iya zaman makoki, ba ya kuma iya fid da rai. Matar wanda ya ɓace ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. A mazhabar Malikiyya sai ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Gado ba ya rabuwa, gona tana nan a rataye, marayu ba su san ko marayu ne ba. Ƙashi ɗaya da aka tabbatar na wane ne yana iya warware duk wannan.

Kuma an yi irin wannan aiki a maƙwabta an gani. Lokacin da ake shirin shari'ar Hissène Habré, wanda ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, alƙalan kotun musamman ta Dakar sun gayyato ƙungiyar masana ƙashi ta Ajantina, wadda aka kafa a 1984 don neman mutanen da sojojin ƙasarsu suka ɓatar. A Deli, kudancin Cadi, inda shaidu suka ce an yi kisa a watan Satumba 1984, masanan suka tono gawa 21, kusan duka maza, mafi yawansu harsashi ne ajalinsu. Maganar shaidu da maganar ƙashi suka zo ɗaya bayan shekara talatin. A ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke wa Habré ɗaurin rai da rai.

A Burkina Faso, takardar mutuwar shugaban ƙasa Thomas Sankara, wanda aka kashe ranar 15 ga Oktoba 1987, cewa ta yi mutuwar Allah da Annabi ya yi. A watan Mayu 2015 aka tone kabarinsa a maƙabartar Dagnoën da ke Wagadugu. Ƙasusuwa da ragowar tufafi suka nuna harsasai fiye da goma sun ratsa shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai dai gwajin DNA da aka yi a Faransa, aka maimaita a Sifaniya, bai ba da komai ba, domin shekaru kusan 28 cikin ƙasa mai zafi sun lalata ƙwayoyin halittar. Duk da haka kotun soja ta yanke hukunci ranar 6 ga Afrilu 2022, Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi a mulki, ya samu ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. A Nijar ma, a 2020, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bi sawun mutum 102 da aka ce sun ɓace a yankin Inates na jihar Tillaberi, ta sanar a watan Satumba cewa ta gano gawa 71 a manyan kaburbura shida. Ta ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro, ma'aikatar tsaro ta musanta. Ko ma wane ɓangare mutum ya bi, ba don an je an tona ba da babu ma abin da za a yi gardama a kansa.

Darasin Sankara shi ne lokaci ba ya jira. Zafin ƙasarmu yana adana siffar ƙashi dubban shekaru, amma yana saurin cinye DNA ɗin da ke cikinsa. A ɗaya gefen kuma, iyayen da za a ɗauki yawunsu ko jininsu a gwada suna tsufa a Sayam Forage da Diffa da Maine-Soroa, wasu suna komawa ga Allah. Duk tsohuwar da ta rasu ba a ɗauki samfurinta ba, wata ƙofar gane ɗanta ce ta rufe.

Wasu za su ce tone kabari keta alfarmar mamaci ne. Gaskiya ne Musulunci ya girmama gawa, ya kuma yi umarni da gaggauta rufe ta. Amma malamai sun halatta tonewa in akwai lalura, kamar tabbatar da haƙƙin wani. Wanda aka yasar a ƙarƙashin gada, babu wanka, babu likkafani, babu salla, a gane shi a miƙa wa danginsa su yi masa sutura, wannan cika alfarmarsa ne.

Abin da ya sa Gobero ta yi magana shi ne an tarar da komai a mazauninsa, kuma waɗanda suka tarar ba su yi garaje ba. Don haka makiyayi, ko manomin tattasai, ko mai haƙa rijiya, in ka ci karo da ƙasusuwan mutum, kada ka tattara su wuri ɗaya, kada ka cire zobe ko laya ko carbi ko katin shaida, domin sau da yawa da su ake gane mutum. Ka kare wurin daga dabbobi, ka sa alama, ka ɗauki hoto in kana da waya, ka sanar da maigari da jandarmomi. In dole ta sa a rufe nan take, a rufe kowa a raminsa, a rubuta inda aka sa shi da abin da aka gani a jikinsa. Wanda nasa ya ɓace ya je wurin ma'aikatan Red Cross ya ba da suna, ya faɗi tsawonsa, da karayar da ya taɓa yi, da haƙorin da ya rasa, da tufafin da ya fita da su. Hukumomin Yamai da Abuja kuma su horar da likitocin binciken gawa, su kai su Diffa da Maiduguri, su fara tattara samfurin dangi tun yanzu, tun masu bayarwa suna raye.